Ciro rubutu da bayanai daga takardu da laburaren manhaja: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin wanda aka jibge wa tarin fayiloli aka ce ya fitar da abin da ke cikinsu ya zuba a tebur. Yawancin misalan na harshen rubuta manhaja na Python ne, don a nan laburaren suka fi yawa, amma ko da Java kake aiki ko JavaScript, ciwon kan iri ɗaya ne.

Mene ne laburare a nan, kuma me zai hana in kwafa da hannu kawai?

Laburare kod ne da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka ajiye, kai kuma ka kira shi daga cikin naka shirin. Maimakon ka zauna koyon yadda aka gina fayil ɗin PDF tun daga tushe, sai ka ce wa laburaren ya buɗe, ya ba ka rubutun shafi na uku. Layi huɗu sun isa a fara:

```
import pdfplumber
with pdfplumber.open("rahoto.pdf") as pdf:
    for shafi in pdf.pages:
        print(shafi.extract_text())
```

Idan takardu biyar ne, kuma sau ɗaya za a yi aikin, kwafa da hannu ka huta. Za ka gama kafin ma ka gama saka laburaren. Kod yana biyan wahalarsa ne idan takardun ɗaruruwa ne, ko kuma irinsu za su riƙa zuwa duk wata.

Wanne zan ɗauka? Sun yi yawa.

Fayil ɗin ne zai zaɓa maka. A ɓangaren PDF, pypdf ba shi da nauyi, yana raba shafuka, yana haɗa su, yana karanta fom, kuma yana fitar da rubutu mai sauƙi. Shi kuwa pdfminer.six ya fi damuwa da inda kowane harafi yake zaune a shafi, kuma a kansa aka gina pdfplumber, wanda shi nake fara jawowa idan akwai tebur a cikin aikin. PyMuPDF ya fi su sauri nesa ba kusa ba, sai dai ka karanta tambayar lasisi a ƙasa kafin ka ƙulla da shi. Masu Java suna da Apache PDFBox. Akwai kuma Apache Tika, mai gane nau'in fayil fiye da dubu ya fitar da rubutunsu ta ƙofa ɗaya. Idan an kawo maka jakar da ta haɗa komai da komai, wasiƙun imel, Word, PowerPoint, tsofaffin fayilolin da ba wanda ya san da me aka yi su, Tika ne mutuminka.

Word na zamani kuwa python-docx, Excel openpyxl, shafukan intanet Beautiful Soup ko lxml. Hoto kuma sai Tesseract.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, gwada pdftotext na Poppler, ƙaramin shirin da ke juya PDF zuwa rubutu zalla, a kan fayiloli biyu ko uku, ka haɗa masa da -layout. Cikin daƙiƙa kaɗan zai nuna maka ko aikin na awa ɗaya ne ko na mako.

Sunan fayil ya ƙare da .pdf, ai ya isa in san mene ne?

Bai isa ba. Mutane na canza ƙarshen suna yadda suka ga dama, wasu manhajojin ma suna fitar da shafin HTML su laƙaba masa .xls. Leƙa farkon fayil ɗin: PDF na gaske yana farawa da %PDF-, shi kuwa docx ko xlsx da haruffan PK, don a cikin zip aka naɗe su.

Bayan ka tabbatar PDF ne, saura tambaya mafi girma: an haife shi a kwamfuta ne, ko hoton takarda ne aka yi sikanin? Buɗe shi ka gwada zaɓar kalma ɗaya da linzami. In ta zaɓu, akwai rubutu a ciki. In shafin gaba ɗaya ya ɗauki shuɗi, hoto ne. Kuma kada ka yanke hukunci da shafin farko kaɗai, don kwantiragi ɗaya kan zo da shafi ashirin na rubutu, sannan na ƙarshe mai sa hannu ya zama hoto.

Me ya sa PDF ke ba da wahala haka? Ai ga rubutun nan ina gani.

A nan gizo ke saƙar. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, a 2008 kuma ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000. Abin da aka yi shi dominsa shi ne takarda ta fito iri ɗaya a kowane allo da kowace furinta. Don haka abin da fayil ɗin ya ajiye umarnin zane ne: ɗauki wannan salon harafi, je wuri kaza, zana wannan alama. Ana auna wurin da ɗigo, ɗigo 72 ne inci ɗaya, shafin A4 kuwa faɗinsa 595 ne, tsawonsa 842, kuma daga kusurwar ƙasa ta hagu ake fara ƙirga.

A mafi yawan fayiloli babu wani abu a ciki da ke cewa wannan sakin layi ne, wannan kanun labari ne, wannan tebur ne. Sau da yawa ko tazarar da ke tsakanin kalmomi ba a rubuta ta ba, an dai matsar da harafi na gaba ɗan nesa. Idonka ne ke haɗa alamomin su zama kalma, kalmomin su zama jimla. Laburare kuma cinka yake yi: ya auna gibin da ke tsakanin haruffa biyu, in ya wuce wani ma'auni ya ce kalma ta ƙare, ya ga haruffa sun jeru a tsayi ɗaya ya ce layi ne. Shi ya sa laburare biyu za su karanta fayil ɗaya su ba ka sakamako biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa kuma za ka ga kalmomi sunmannedajuna a wani wuri, a wani wurin kuma k a l m a ta wargaje, musamman a kanun da aka buɗa haruffansa don ado.

Akwai PDF da aka yi wa alamun tsari don makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Irin wannan yana faɗin inda sakin layi da tebur suke. In ka dace da shi ka gode, amma kada ka gina aikinka a kan cewa duka haka za su zo.

Takardar mai shafi rabi biyu ce, rubutun ya fito a cakuɗe. Yaya zan yi?

Laburaren ya karanta layin farko na hagu ya zarce na dama, kamar layi ɗaya ne. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ka yanka shafin da kanka. A pdfplumber akwai crop: ka ba shi rabin hagu ya karanta, sannan rabin dama. Da wannan wuƙar dai za ka datse saman shafi da ƙasansa, inda sunan rahoto da lambar shafi ke maimaituwa suna faɗowa tsakiyar jimla.

Idan tsarin yana canzawa daga shafi zuwa shafi, nemi kalmomin tare da wurarensu ta extract_words, ka jera su da kanka. Ya fi aiki, amma kai ke riƙe da linzamin.

Sai ka tuna da kalmar da aka karya a ƙarshen layi da ɗan karan ɗori. Haɗa ta abu ne mai sauƙi, amma in ka share kowane karan ɗori ido rufe, za ka lalata kalmomin da da ma da shi ake rubuta su.

Ban samu komai ba, kuma bai nuna wani kuskure ba.

Hoto ne. Laburaren ya nemi haruffa bai samu ba, ya dawo maka hannu rabbana, kuma a wurinsa ya yi aikinsa. Saka sharaɗi a cikin shirinka: duk shafin da ya ba da haruffa ƙasa da wani adadi, ka ce hamsin, a ware shi a tura wa OCR, manhajar karanta rubutu daga hoto. In ba haka ba, shafuka za su riƙa ɓacewa shiru, sai ranar da wani ya nemi abin da ke cikinsu.

To yaya OCR ke aiki, kuma har ina zan yarda da shi?

OCR shi ne manhaja ta kalli hoton rubutu ta gane haruffan. Wanda aka fi sani a cikin na kyauta shi ne Tesseract. A kamfanin HP aka fara shi a shekarun 1980, aka sake shi ga kowa a 2005, Google ta ɗauki nauyinsa daga 2006 na tsawon shekaru. Siga ta 4 da ta fito a 2018 ta koma karanta layi gaba ɗaya maimakon harafi ɗai-ɗai, kuma ingancinsa ya ƙaru sosai. Yana da fayilolin harsuna sama da ɗari. Shi pytesseract da ake yawan ambata ɗan aike ne kawai, sai ka saka Tesseract ɗin kansa a kwamfutar kafin ya yi aiki. Wannan ya kayar da masu farawa da yawa.

Mafi yawan ingancin sakamakon tun a hoto ake samunsa ko a rasa shi. Yi sikanin a kan ɗigon hoto 300 a kowane inci, wanda a A4 zai ba ka hoto mai 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Ƙasa da haka ƙananan haruffa sukan narke. Miƙar da shafin da ya karkace, ka share baƙin gefen da murfin na'ura ya bari. Hoton waya ya fi wahala, don ga inuwar hannu, ga takarda ta lanƙwashe, ga haske ya fi yawa a gefe ɗaya. OCRmyPDF yana miƙar da shafi, ya kira Tesseract, sannan ya shimfiɗa rubutun a ƙarƙashin hoton, sai fayil ɗin ya koma wanda sauran laburare za su iya karantawa.

Faɗa wa Tesseract harshen takardar da -l. In ba ka faɗa ba, Turanci zai ɗauka, kuma duk harafin da bai sani ba zai musanya shi da mafi kama da shi. Gaya masa kuma yanayin shafin da --psm: 6 idan dunƙulen rubutu ɗaya ne, 7 idan layi ɗaya ne tak.

Batun yarda kuwa, ya danganta da abin da kake nema. In don a iya binciko takarda ne ta hanyar rubuta kalma, kuskure kaɗan ba ya hana komai. In lambobi ne, labari ya sha bamban. Sifiri da harafin O, 1 da l, 5 da S, 8 da B, duk suna rikita shi. Kalmar da harafi ɗaya ya lalace a cikinta mai karatu zai gane ta, amma 3,800 da ta koma 8,800 ba ta da wata alama a goshi. Hatimin da aka buga a kan adadi, ko layin biro da aka ja a ƙarƙashinsa, ya isa ya jawo haka. Tesseract na iya ba ka makin tabbacinsa a kan kowace kalma, daga 0 zuwa 100. Yi amfani da shi wajen ware abin da mutum zai duba. Rubutun hannu kuwa ba don shi aka yi Tesseract ba, kada ka ɓata lokacinka.

Wasu haruffa sun fito kamar rubutun aljanu. Me ya faru?

Duba irin ɓarnar, ita za ta gaya maka mai laifin. In ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ya kasance, ko Ã© a madadin é, to rubutun lafiyarsa lau. An ajiye shi da tsarin ajiye haruffa na UTF-8 ne, aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows-1252. Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8, sai tsohon tsarin ya karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Rubuta encoding="utf-8" duk lokacin da za ka buɗe fayil ko ka ajiye. In CSV ne, wato tebur a rubutu zalla, da za a buɗe a Excel, yi amfani da utf-8-sig, don ita ce ke saka 'yar alamar da Excel ke nema a farkon fayil.

In kuwa abin da ka gani irin cid:72 ne a jere, ko haruffan da ba su da alaƙa da abin da ke allo, matsalar tana cikin PDF ɗin. Fayil ɗin ya san siffar da zai zana, amma ba a saka masa jadawalin ToUnicode da ke faɗin wane harafi ne siffar take wakilta ba. Canza laburare da wuya ya yi magani. Mayar da shafin hoto ka ba OCR, ko da yake abin da ban haushi.

Sai ƙananan da ba a gani da ido. Haruffan f da i sukan zo a manne a matsayin alama ɗaya, sai bincike ya kasa samun kalmar. Harafin é na iya zama alama ɗaya ko e da 'yar alamar samansa daban, a allo duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa kalmomi biyu ne mabambanta. A Python unicodedata.normalize na daidaita su: NFC don masu alama a sama, NFKC in kana son ya raba manannun ma. Rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci, yakan fito a juye a wasu laburaren, don haka nemi mai iya karanta shi ya duba kafin ka ci gaba.

Tebur fa? Shi ne ainihin abin da nake nema.

Shi ne kuma mafi wuya. Hanya biyu ake bi. Ta farko a bi layukan da aka zana, a nemo inda suka gitta juna, a fitar da gidaje. Ta biyu, idan babu layuka, a bi fararen gibin da ke tsakanin lambobi a cinki inda kowane ginshiƙi ya tsaya. Camelot na kiran ta farko lattice, ta biyu stream, Tabula ma haka. Teburin da aka zana wa layuka sosai yakan fito tsaf. Wanda ba shi da layi kuwa sai addu'a da gyaran ma'auni.

Na taɓa yin aiki a kan takardun hada-hadar asusu, masu ginshiƙin shiga da na fita da na abin da ya rage. Na gwada da fayiloli goma, komai daidai, na sake shi a kan sauran. Ashe a shafukan da babu ko kuɗi ɗaya da ya shiga, ginshiƙin shiga fari fat ne daga sama har ƙasa, sai laburaren ya ɗauka babu shi. Lambobin fita suka matso hagu suka zauna a gidan shiga. Shirin bai yi ko tari ba, teburin ya fito da kyan gani. Sai da mai lissafi ta kira ni ta ce yaya aka yi wata guda ba a kashe ko sisi ba. Tun daga ranar, idan na san tsarin takarda, ni nake ba laburaren wurin da kowane ginshiƙi ya fara da inda ya ƙare, ba na barin sa ya cinka.

Sauran tarkunan: bayanin da ya yi tsawo ya sauko layi na biyu, sai a ƙirga shi sabon layi mara adadi; gidajen da aka haɗe; teburin da ya tsallaka shafi yana maimaita kanunsa; layin jimilla da ke shigewa cikin bayanai ya ninka maka lissafi. A pdfplumber akwai debug_tablefinder, wanda ke zana maka a kan hoton shafin layukan da ya gani da gidajen da ya yanka. Minti biyu na kallon wannan hoton ya fi awa guda ta canza lambobi a makance.

Word ya fi sauƙi ko?

Ƙwarai. Kwafi fayil ɗin docx ka canza ƙarshensa zuwa .zip ka buɗe, za ka ga word/document.xml, inda sakin layi sakin layi ne, tebur tebur ne. Tun Office 2007 haka tsarin yake. Abin lura shi ne doc.paragraphs na python-docx ba ya haɗawa da rubutun cikin tebur, haka na saman shafi da na ƙasansa, kowanne da ƙofarsa. Kuma Word na yanka jimla gunduwa-gunduwa duk inda salo ya canza, har tsakiyar kalma, don haka yi bincikenka a kan sakin layi gaba ɗaya.

Tsohon .doc dabba ce daban, python-docx ba ya buɗe shi. Sa LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, ya juya maka shi zuwa docx, ko ka miƙa wa Tika.

Kuma in an ba ka PDF, tambayi wanda ya ba ka ko yana da asalin Word ko Excel ɗin da aka yi shi da shi. Saƙo ɗaya kan raba ka da aikin kwana uku.

A Excel na samu dabarar lissafi maimakon adadi, kwanan wata kuma ya zama 45292.

Na farko: openpyxl na ba ka dabarar da aka rubuta a gidan, sai ka buɗe da data_only=True zai ba ka sakamakon da Excel ya ajiye a karo na ƙarshe. Shi ba ya lissafi da kansa, don haka fayil ɗin da wani shiri ya ƙirƙira, ba a taɓa buɗe shi a Excel ba, zai ba ka gidaje wayam.

Na biyu: Excel na ajiye kwanan wata a matsayin adadin kwanaki tun farkon 1900. 45292 shi ne 1 ga Janairu 2024. Akwai kuma fayilolin da ke ƙirga daga 1904, gadon tsofaffin kwamfutocin Mac, don haka bar laburaren ya yi juyin.

Gidajen da aka haɗe, na kusurwar sama ta hagu ne kaɗai ke riƙe da abin da aka rubuta. Lambar waya ko ta asusu mai farawa da sifiri kuwa, karanta ta a matsayin rubutu, in ba haka ba pandas, laburaren sarrafa tebur na Python, zai cinye sifirin. Excel ma lambobi 15 kaɗai yake riƙewa daidai, abin da ya wuce haka sifiri yake mayar da shi.

Na samu rubutun. Yaya zan fitar da suna, kwanan wata da adadi daga ciki?

Fara dubawa ko fom ne mai gidajen cikewa. In shi ne, get_fields na pypdf zai ba ka kowane gida da sunansa, ka tsallake duk wahalar.

In ba fom ba ne, sai regex, wato tsarin da kake siffanta wa kwamfuta kamannin abin da kake nema. Ɗaure shi a jikin wata kalma da ba ta canzawa. Neman duk wata lamba mai ɗigo zai kwaso maka tarkace. Neman lambar da ke biye da kalmar jimilla ya fi tsaro, muddin ka tuna cewa ƙaramar jimilla ma na ɗauke da kalmar. Idan alamar tana sama adadin yana ƙasanta, koma ga wuraren kalmomi ka nemi mafi kusa.

Kwanan wata irin 03/04/2024 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Kada ka bar laburare ya zaɓa maka, don zai iya karanta 13/04 ta wata hanya, 03/04 ta wata, duk a tebur ɗaya. Lambobi ma haka: 1.234,56 na Jamus shi ne 1,234.56 na Ingila. A takardun lissafi adadin da ke cikin baka yana nufin ragi. Kuɗi kuwa ajiye su da Decimal, nau'in lambar Python da ke riƙe adadi daidai. Rubuta 0.1 + 0.2 a Python ka ga 0.30000000000000004, za ka gane dalili.

Ta yaya zan tabbatar abin da na fitar daidai ne?

Sa takardar ta yi wa kanta shaida. Rasit na da jimilla: tara layukan ka gwada da ita. Takardar asusu na da abin da ya rage a kowane layi: na baya, a ƙara shiga, a cire fita, dole ya ba da na yanzu. Da na saka wannan gwajin tun farko, da mai lissafin nan ba ta kira ni ba. Duk wadda ta faɗi gwaji a tura ta jakar da mutum zai duba, kada a cike gibin da sifiri.

Sannan ka zaɓi takardu ashirin ko talatin, har da munanan, ka rubuta amsarsu da hannu ka ajiye. Duk lokacin da ka taɓa kod ɗin ka sake gwada shi a kansu, don gyaran da ya warkar da wata takarda yakan karya wata. Kowane layi da ka fitar kuma ya tafi da sunan fayil da lambar shafin da ya fito. Ranar da aka yi gardama a kan wani adadi, da shi za ka kare kanka.

Fayil ɗin na da kalmar sirri.

Iri biyu ce. Akwai ta buɗewa, wadda in ba ka da ita ba abin da za ka karanta; in kana da ita, laburaren na da wurin saka ta. Akwai kuma ta mai fayil, wadda ke hana kwafi ko bugawa. Laburare da yawa ba sa kula wannan hanin, amma iya wucewa ba izini ba ne. Tambayi mai takardar.

Tunda kyauta ne, zan iya saka shi a manhajar da zan sayar?

Karanta lasisin. Na pypdf BSD ne, na pdfminer.six da pdfplumber da python-docx MIT, na Tika da PDFBox da Tesseract kuwa Apache 2.0. Duk waɗannan ba su da takura sosai. PyMuPDF da iText, wani laburaren PDF, suna ƙarƙashin AGPL, wadda ke iya wajabta maka buɗe naka kod ɗin ga masu amfani da manhajar, ko da ta intanet suke amfani da ita, sai fa in ka sayi lasisin kasuwanci. Gara ka san haka a ranar farko da ka sani bayan ka gina komai a kansa.

Akwai haɗari a buɗe fayilolin da baƙi suka turo?

Akwai. Ana iya ƙera ƙaramin zip da zai kumbura ya cika ma'ajiyar kwamfuta in an kwance shi, ko XML da zai cinye ƙwaƙwalwarta, ko PDF da zai sa laburare ya yi ta juyi ba ƙarshe. Ƙayyade girman fayil, ka ƙayyade lokacin da za a ba kowanne, ka gudanar da aikin a keɓe daga sauran tsarin, kuma ka riƙa sabunta laburaren.

Akwai wani haɗarin ta ɗaya gefen: za ka fitar da abin da ba a so ka gani. Wanda ya zana baƙin akwati a kan suna a PDF ya rufe wa ido ne kawai, rubutun na nan a ƙasa, kuma laburare zai kawo shi. Haka shafukan Excel da aka ɓoye, da sharhin gefe a Word, da sunan wanda ya rubuta fayil. Duba abin da ka kwaso kafin ka tura gaba.

Me zai hana in ba wa manhajar AI ta yi min duka?

Tana da amfani, musamman in takardun sun fito daga wurare ɗari kowanne da tsarinsa, inda regex zai gaji. Sai dai irin kuskurenta daban ne. OCR in ya kasa yakan fitar da shirme da za ka gane. Ita kuwa in adadi ya dushe tana iya rubuta wanda ya yi kama da gaskiya, cikin natsuwa. Don haka gwajin jimilla ya fi zama dole a nan, ka kuma sa shirinka ya duba cewa duk abin da ta bayar yana nan a cikin asalin rubutun. Ka tuna kuma takardar na barin kwamfutarka zuwa ta wani kamfani. In bayanan marasa lafiya ne ko na albashi, sai ka san ko an yarda maka.

Jiya yana aiki, yau ya daina.

Ko laburaren ya canza, ko takardar. Na farkon maganinsa ka rubuta ainihin sigar kowane laburare a requirements.txt, ka yi aiki a cikin venv, wato keɓantaccen wurin saka laburaren aiki ɗaya, kada ka sabunta sai ka gwada da takardun nan da ka ajiye. Tsohon kod mai kiran PyPDF2 misali ne: an mayar da aikin ƙarƙashin sunan pypdf, sunayen umarni da dama kuma sun canza. Haka xlrd, tun siga ta 2.0 ya daina buɗe xlsx.

In laburaren bai motsa ba, ɗauko takardar watan jiya da ta yau ka ajiye su gefe da gefe. Galibi za ka tarar an ƙara tambari a sama komai ya sauko da ɗigo ashirin, ko an canza sunan wani ginshiƙi, ko wanda ke turowa ya fara bugawa a takarda yana yin sikanin maimakon ya ajiye kai tsaye daga kwamfuta.